Injiniya Sipi da Waken Arba'in

Ba kowace unguwa Allah ke yi wa baiwar injiniya ba. Nima na da teloli, Accra New Town na da masu gyaran rediyo, Tudu na da direbobi fiye da motoci, amma Injiniya Kadiri sai a Maamobi. Duk wanda ya bi ta gaban rumfar Moro mai faci a shekarun nan na kafin 1983 ya gan shi a kan benci: dogon mutum, farar kwat har gwiwa a bisa jallabiya, biro uku a aljihun ƙirji, tamomita mai auna zafi na huɗunsu, da wani kundi mai baƙin bango a hammata wanda ko masallaci da shi ake shiga.

Takardar shaidar injiniya babu wanda ya taɓa gani. A yi masa adalci, shi ma bai taɓa cewa yana da ita ba. Abin da yake faɗa shi ne ya yi shekara goma sha tara a fannin kimiyya, kuma gaskiya ce. Ya yi su cif a ɗakin gwaje-gwaje na wata makarantar fasaha, yana wanke kwalabe, yana goge allo, yana dafa wa malamai shayi. Ranar da ya yi ritaya ya fito da kwat, da tamomita, da kundin.

A cikin kundin akwai lissafi guda ɗaya, kuma da shi Injiniya yake fassara duniya da abin da ke cikinta. Ka auna nauyin abu, ka ninka da cin zafinsa, ka sake ninkawa da yawan digirin da kake so ya hau. Abin da ya fito shi ne zafin da za ka kashe. Cin zafi kuwa, kamar yadda yake bayyana wa duk wanda ya yi gangancin gaishe shi, shi ne yawan zafin da kilo ɗaya na abu ke haɗiyewa kafin ya hau digiri ɗaya. Ana rubuta shi da haruffa biyu, babban Si da ɗan ƙaramin Pi a gindinsa. Na ruwa huɗu ne da ɗigo biyu, na iska ɗaya. Ya faɗi Si-Pi a wurin suna, ya faɗa a ɗaurin aure, ya faɗa a maƙabarta ana jiran a gama haƙa, har mutane suka sauƙaƙa wa kansu suka koma kiransa Injiniya Sipi. Ya ɗauka lambar girmamawa ce.

Hidimarsa ga jama'a ba ta da iyaka. Ya taɓa tsoma tamomita a tukunyar mai koko ya sanar da layin da ke jira cewa kokon ya sauka zuwa digiri sittin da ɗaya, ana sayar musu da sanyi da sunan zafi. Matar ta bi shi da ludayi har bakin kwata. Ya taɓa auna ruwan alwala a masallaci ya ba ladan shawarar ya juya randa ta fuskanci gabas. Ba wanda ya saurara. Bai yi fushi ba, ya ce haka masana ke rayuwa a cikin mutane.

Abu ɗaya ne kawai ya kuɓuce masa a shekarun nan goma sha tara, shi ma ba laifinsa ba ne, laifin shayi ne. Darasin zafi sau ɗaya ake yin sa a shekara, kuma malamin da ke koyar da shi mutum ne mai tsari. Zai rubuta lissafin a allo, ya rubuta Si-Pi, ya duba agogo, ya ce, "Kadiri, buta." Kadiri ya fita. A bayansa malamin ke gaya wa ɗalibai sharaɗin: wannan lamba tana aiki ne muddin matsin da ke kan abu bai canja ba, kamar tukunya a buɗe wadda nauyin iskar duniya kaɗai ke danne ta, abin ciki ya faɗaɗa yadda ya so, tururi ya fita inda ya so. In kuwa ka kulle abu a mazubin da ba ya miƙewa, wuri bai ƙaru ba, matsi ne zai yi ta hawa. Nan wata lamba ce ke aiki, ƙarama, mai suna Si-Vi. A ruwa bambancin biyun kaɗan ne, amma a iska da tururi ba kaɗan ba ne, kuma ruwan da aka kulle ba ya tsayawa a digiri ɗari. Kafin Kadiri ya dawo da tire an gama, sai a ce ya goge allo. Sau goma sha tara yana goge rabin iliminsa da hannunsa. Butar da yake tsaro a can kicin kuwa kullum murfinta na rawa, bakinta na huci, tana nuna masa darasin kyauta. Bai taɓa kallonta ba, buta ba ta da digiri.

Sai 1983 ta zo. Ruwan sama ya ƙi, daji ya ci wuta, waɗanda aka koro daga Legas suka dawo suka cika ɗakuna, abinci ya ɓace daga kasuwa. A tsakiyar wannan shekara Allah ya karɓi ran Seidu, direban motar haya ta trotro, ƙanen Injiniya uwa ɗaya uba ɗaya. Ya bar mata ɗaya, Mulikatu, wadda ta yi shekara ashirin da biyar tana sayar da waakye a bakin titin Maamobi, shinkafa da wake da karan dafi ke yi wa jan launi. Wata uku ke nan ba ta ɗora tukunya ba saboda babu wake a gari.

Amma addu'ar arba'in ba ta jiran damina. Seidu mutum ne na mutane, direbobi za su zo, malamai za su zo, dangi za su zo daga unguwannin Madina da Ashaiman, kuma ba a taɓa jin an tashi daga addu'a a gidan mai waakye da baki busasshe ba. Yayar Mulikatu ta aiko mata da wake mudun olonka goma sha biyu daga Bawku, an ɓoye shi ƙarƙashin albasa har tashar Tudu. Abokan sana'arta na Kasuwar Malam Atta suka haɗa mata shinkafa da hannu da hannu. Itace ma ɗauri huɗu kawai aka samu. Abin da ke akwai ke nan. In ya lalace babu wani a bayansa.

Kwana uku kafin ranar, dangi suka zauna a tsakar gida. Mulikatu tana takaba, don haka tana bakin ƙofar ɗakinta a kan tabarma, lulluɓe, murya ƙasa-ƙasa, ba ta musu da manyan dangin miji. Babban dangin miji kuwa shi ne Injiniya. Ya miƙe, ya gyara kwat, ya buɗe kundi.

"'Yan'uwa," in ji shi, "na yi shekaru ina kallon matan Zongo suna ƙona dukiya. Ku ɗora tukunya, tururi na fita ta nan, yana fita ta can. Kun san mene ne tururi? Itace ne yake guduwa. Kowane huci ɗaya icce ɗaya ne ya tafi sama bai yi sallama ba. A shekara irin wannan, wannan cin amanar ƙasa ne. Ni zan dafa waken ƙanena da kashi ɗaya cikin uku na itacen nan, cikin minti arba'in, ɗaya ga kowane kwana da ya yi a kabari. An riga an yi lissafi."

Dangi suka yi kabbara, wasu don sun gamsu, wasu don a tashi.

Mulikatu ta ce a hankali, "Yaya, ba musu nake ba. Amma tukunya sai tana numfashi. Ni muciya nake sa wa a ƙarƙashin murfi, in bar mata 'yar kafa. Haka uwata ta koya min."

Injiniya ya yi murmushin tausayi. "Matar ƙanena, Allah ya jiƙan uwarki, amma a wace makaranta ta koyar? Tukunya ba ta da huhu."

Da ya ce a kai masa waken duka, sai Mulikatu ta ce olonka bakwai ne aka tsince, biyar ɗin cike suke da tsakuwa, maƙwabciyarta Alimatu na kan tsinta. Da mutane suka watse ta kira Alimatu ta ce mata ta tsinta a hankali, wake ɗaya bayan ɗaya, in ta gama ta sake farawa.

Na'urar ta ci kwana biyu. Duro ne na ƙarfe wanda aka taɓa zuba man gyaɗa a ciki, an ƙone shi an wanke. An huda bakinsa da murfinsa wuri goma sha shida don noti. Saura roba da za ta toshe tsakani, sai Injiniya ya nufi rumfar Moro, ya nemi tsohon tiyub na babbar mota.

Moro ya yanka masa zobe, ya tsaya yana jujjuya shi. "Massa, bari in sa maka bakin taya ɗaya a murfin. In iska ya yi yawa ka danna ya fita."

"Ya fita ya je ina?"

"Waje mana. Chale, ni ban yi makaranta ba, amma taya in na cika shi na bar shi a rana, wallahi tashi yake yi. Bara ɗaya ya cire min rufin rumfa. To kai wuta za ka sa. Wutar yana ta shiga, yana ta shiga, ta ina zai fita?"

"Ba ta fita," in ji Injiniya, yana buga kundi da yatsa. "Ilimin ke nan. Ka saurara, Moro, kyauta zan ba ka. Kilo ɗari na ruwa. Si-Pi huɗu da ɗigo biyu. Daga digiri talatin zuwa ɗari, saba'in ke nan. Minti ashirin da biyar ya tafasa. Daga nan ruwa ba ya wuce ɗari. Ko soja ya zo da bindiga ba zai sa ruwa ya wuce digiri ɗari ba. Na gani da idona sau goma sha tara."

"A buɗe ko a rufe ka gani?"

"Kai ka tsaya a kan faci."

Moro ya tsaya a kan faci. Sai dai ranar addu'a ya kwashe tayoyinsa daga jikin bangon gidan ya kai su ƙetaren titi.

Ranar Alhamis da hantsi aka girka duron a kan duwatsu uku a tsakar gida. Aka zuba ruwa, aka zuba wake olonka bakwai, aka jefa karan dafi da kanwa. Shinkafa Mulikatu ta hana, ta ce ai sai wake ya yi laushi, wannan kam ko lissafi bai musa ba. Injiniya da kansa ya ɗaure noti goma sha shida, yana ƙirga su da Turanci. Ya ɗauki alli ya cika bangon banɗaki da lambobi. Ya sa aka jera benci uku don baƙi masu son ganin ci gaba, ya ajiye Baba Nashiru, limamin unguwa, a sahun gaba. Ya ɗaga agogo, ya ce a kunna.

Minti ashirin da biyar na farko sun tafi daidai da kundi, abin da ya ƙara masa tsawo. Ya kara kunne, ya ji ruwa na motsi, ya juyo ya sanar cewa kimiyya ta cika alkawari. Ya nuna musu murfin: ko zaren tururi babu. Aka tafa.

Lissafin nasa dai tun daga farko an gina shi ne a kan cewa matsi ba zai canja ba. Duron kuwa, da robarsa da notinsa goma sha shida, ba shi da wani aiki a duniya sai canja matsi. Wuta na ci a ƙasa, zafi na shiga, tururi na taruwa a ɗan wurin da ya rage a sama, babu ƙofa. Ruwan ya wuce ɗari ba tare da soja ba.

A minti na talatin duron ya yi wani ƙara, ƙwas, kamar an taka gwangwani. Murfin da yake shimfiɗe ya fara tudu.

"Injiniya," in ji Baba Nashiru, "cikinsa ya fito fa."

"Ƙarfe ne yake faɗaɗa, Malam. Shafi na tara."

Daga bakin ƙofa Mulikatu ta kira Alimatu da ido. Alimatu ta bi mata ɗaya bayan ɗaya tana raɗa, masu yankan albasa da masu suyar yajin shito suka sulale bayan gida da turamensu da goyonsu. Ita Mulikatu ta ja tabarmarta ciki, ta bar ƙofa a buɗe kaɗan. Ta ce, "Yaya, don girman Allah a janye wutar."

"Saura minti tara."

Duron ya fara nishi, yana rawa a kan duwatsu. Sahun baya suka tuna suna da uzuri. Baba Nashiru ya ce alwalarsa ta karye, ya fita da sauri irin wanda ba a san shi da shi ba. Injiniya ya ga masu sauraro na raguwa, sai ya ja da baya ya hau benci don muryarsa ta kai waje.

"Jama'a, tsoro ɗan jahilci ne! Watarana za a rubuta cewa a nan Maamobi, a gidan nan, aka fara kulle tururi. Ina tabbatar muku, da sunana da shekaruna goma sha tara, abin da ke cikin duron nan yana zaune lafiya a digiri ɗa—"

An ji ƙarar har Nima. Wasu shaguna sun rufe, sun ɗauka an sake juyin mulki. Murfin ya tashi da noti tara, ya tsallake gida biyu, ya sauka a babbar kwata. Bayansa wani jan ginshiƙi na ruwa da tururi ya miƙe sama ya wuce bishiyar gidan, ya tsaya kamar yana tunani, sa'annan ya fara saukowa. Aka yi ruwan wake a kan kwanon rufin Maamobi, ƙarar farko irin ta ruwan sama da aka ji a wannan shekara. Wata tsohuwa ma ta fito da bokiti.

Allah ya tsare, ba wanda ya ƙone. Injiniya, da yake ya ja baya don jawabi, bencin ne ya kifar da shi cikin tulin toka. Ya tashi babu hula, farar kwat ta koma ja, wake a gemu, wake a aljihun biro. Tamomita ya karye. Ya dubi agogo ya ce, da muryar da ba ta fita sosai, ƙarfen duron ne na jabu.

Babu wanda ya yi dariya nan take, domin Mulikatu ta fito. Ta tsaya a tsakar gida tana kallon waken da ya taso daga Bawku a ƙarƙashin albasa, yana kwance a ƙasa, kaji da awakin unguwa sun riga sun shigo ta'aziyya. Sa'annan ta ce, "Alimatu, tsintar ta ƙare?"

"Ei, tun shekaranjiya, Maa."

"Kawo. A ɗora min tukunyata."

Aka fito da tsohuwar tukunyar ƙarfenta mai baƙin gindi. Itace kam ya rage da yawa, a nan Injiniya bai yi ƙarya ba. Maƙwabta suka hau rufi da tsintsiya da kwano. Wasu sun dawo da abin da suka tara, aka wanke sau uku, ya kai kusan olonka biyu. Wasu ba su sauko ta wannan gefen ba, shekarar ba ta bar wa kowa kunya mai yawa ba. Baba Nashiru, da ya dawo da sabuwar alwala, ya ce a tsawon limancinsa bai taɓa ganin sadakar da ta isa gidaje da yawa a lokaci ɗaya irin ta Seidu ba.

Injiniya ya fara farfaɗowa. Aka gan shi yana zagaya tukunyar, yana share kundi da hannun riga, yana tambaya ko akwai wanda ya san nauyin ruwan da aka zuba. Mulikatu ta gan shi. Ta ɗauko kujera 'yar tsuguno ta ajiye a gefen murhu, ta cusa muciya a ƙarƙashin murfi, tururi ya sami hanya ya fara fita siriri.

"Yaya," in ji ta cikin ladabi, "akwai aikin da sai masani. Ka riƙe min muciyar nan haka, kada kafar ta rufe, kada ta buɗe. In ka saki, shi ke nan."

Ya dube ta, ya dubi jama'a, ya zauna ya riƙe. Awa uku yana riƙe, hayaƙi na shiga idonsa, hannu ɗaya in ya gaji ya sauya ɗaya. Wake ya yi laushi, aka zuba shinkafa, ya ci gaba da riƙewa. Moro ya leƙo ta ƙofa ya ce, "Massa, digiri nawa yanzu?"

Bayan la'asar aka yi addu'a. Direbobi sun zo, malamai sun zo, dangin Madina da Ashaiman sun zo. Kowa ya sami waakye a ganye, ludayi ɗaya maimakon biyu, garin rogo ya cike gurbin, shito ya rufe sauran. Ba wanda ya tashi da baki busasshe. Mulikatu da Alimatu ƙanzo suka ci, shi ma bai ishe su ba.

Mako bai cika ba Injiniya ya koma bencinsa da kwat da aka wanke ta zama ruwan hoda. Wani tsohon ɗalibin makarantar da ya ji labari ya tsaya ya karanta masa rabin darasin da shayi ya cinye, har ya rubuta masa Si-Vi a bayan kundi. Injiniya ya saurara yana gyaɗa kai, ya ce ai ya sani, gwajin da ya yi ma don ya nuna wa jama'a bambancin ne a aikace. Daga ranar labarin ya sami sabon tsari. Duk wanda ya gaishe shi sai ya ji yadda addu'ar Seidu ta kusa rushewa a hannun mata, da yadda shi kaɗai ya zauna awa uku ya tsayar da matsi bai bari ya canja ba, har Si-Pi ya yi aikinsa.

Da Mulikatu ta fita takaba, damina ta gaba ta yi kyau, ta koma bakin titi da tukunyarta. Moro ya zo sayen na safe, ya ga muciya a ƙarƙashin murfi, tururi na fita, babu kowa a kusa.

"Maa Mulika, yau babu injiniya? Wa ke riƙe miki?"

Ta zuba masa, ta ƙara taliya, ta naɗe ganyen.

"Shekara ashirin da biyar ita kaɗai take riƙe kanta," in ji ta. "Ranar nan ina da wake olonka biyar da suka rage. Na ga gara ya zauna inda nake ganin hannunsa."